Takalmin Shekara Biyar

Maman yara,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan za ta same ku lafiya, ke da Inna da 'yan matanmu biyu. Yaya gwiwar Inna? Ki ce mata ina gaishe ta da kyau, kuma don Allah ta daina hawa kujera tana ɗauko kaya a kan kabad, ga jikoki nan zaune. Ni lafiyata lau, in ban da murar da ba ta rabuwa da duk mai aiki a ɗakin sanyi.

Akwai maganar da na yi wata biyu ina juyawa a raina, yau dai na ce bari in faɗa tunda direban da ke kai mana takardu zai taso jibi. Kin san aikinmu: daga safe zuwa la'asar muna ɗaukar katan-katan na kifi daga ɗakin sanyi zuwa mota. Duk buɗe ƙofa sai ƙanƙara ta narke, ruwa ya kwanta a ƙasa har idon sawu, ga sanyi ga ƙarni. Takalmin ruwan da nake saya, irin na roba mai araha, ba ya wuce mako bakwai. Daidai inda yatsu ke lanƙwasawa yake tsagewa, ruwa ya shiga, in wuni da jiƙaƙƙiyar safa. Na daina ƙirga ko nawa na zubar a shekara huɗun nan.

To, akwai wani mutum a bakin ƙofar ma'aikata yana sayar da wani iri mai nauyi. Ƙasansa da kauri, cikinsa da shafi, kuma ɗinka shi aka yi, ba liƙawa ba. Ya ce zai yi shekara biyar. Akwai abokin aikina da yake sa irinsa tun kafin in zo, har yau ƙafarsa a bushe take tashi.

Ban manta alkawarin da kika sa na yi miki a tasha ba, cewa ba zan sayi komai a garin nan da zai wuce shekara ba. Kuma na riƙe. Katifata 'yar siririya ce, kofina na roba, tukunyata ko tari ka yi kusa da ita sai ta lotse. Shi ya sa ban saya ba sai na ji ta bakinki. Amma abin da dariya, a ce mijin matar da ke ƙwanƙwasa tukunya ta kara a kunne kafin ta saya, wadda masu shago ke ɓuya in sun hango ta, shi ne ke yawo da takalmi mai baki buɗe.

Akwai 'yar tsaga a ƙarƙashin babban yatsana na ƙafar dama, ba wani abin damuwa ba ne. Ki shafa mini kan yara.

Mijinki.

*

Baban yara,

Wa'alaikumus salam. Duk muna lafiya. Gwiwar Inna da sauƙi, amma maganar kujera sai dai ka zo ka faɗa mata da kanka, ni na gaji. Babba ta ci jarrabawa. Ƙarama ta zubar da haƙori biyu na gaba, tana magana iska na fita. Ɗinki kuma Alhamdulillahi, keke bai huta ba.

Na karanta takardarka sau uku. Ka cika shafi biyu, amma ni abu ɗaya na gani a ciki: shekara biyar.

Da za ka tafi shekara biyu ka ce. Biyu ta zama uku, uku ta zama huɗu, ban ɗaga murya ba. Yanzu kuma ka lallaɓo ta bayan gida da maganar takalmi, har da zolaya don in yi dariya in ce to. Ban yi dariya ba. Na ajiye takardar a kan keke na shiga ɗaki na yi kukana, na wanke fuska kafin yara su dawo daga makaranta.

Ka san labarin babanmu, amma ba ka san ƙarshensa ba, domin ban taɓa iya faɗa maka ba. Ina aji biyu ya tafi aikin shekara ɗaya. A takardarsa ta uku ya rubuto wa Umma cewa ya samu gadon ƙarfe mai kyau, wanda har jikoki za su kwana a kai. Umma ta yi ta murna tana faɗa wa maƙwabta mijinta ya daina kwana a ƙasa. Bayan gado sai kabad, bayan kabad sai labule. Bai taɓa rubuto cewa ya zauna ba, ko sau ɗaya. Na ga gadon nan da idona bayan shekara goma sha tara, ranar da muka je kwaso kayansa bayan ya rasu. Na shafa ƙafafunsa ina neman tsatsa, ban samu ba. Mutum huɗu ne suka fitar da gadon daga ɗakin.

E, ni mai ƙwanƙwasa tukunya ce, kuma ba na jin kunya. Duk abin da zai shigo gidan nan sai na tabbatar zai daɗe, saboda nan ne gida. Can ba gida ba ne. Ina son kullum ka sa ƙafa a takalmin nan ka ji garin ya ishe ka. Ka kira ni muguwa in ka ga dama.

Ban yarda ba, Baban yara. In ka saya ba zan sani ba, amma ka tambaye ni, ga amsata.

Na ba direba ƙunshi. Akwai gam da faci na karɓo wajen mai facin bakin layi, ya ce a kankare wurin a bar shi ya bushe kafin a liƙa. Akwai safa uku masu kauri, daga tsohuwar rigar sanyinka na yanka na ɗinka. Ka riƙa ɗora leda a kan safar kafin ka sa takalmin. Ga kuma man shafawa don tsagar.

Ka rubuto mini rana. Ba wata nake so ba, rana.

Matarka.

*

Maman yara,

Salamu alaikum. Ƙunshi ya iso, na gode. Safar ta yi daidai, har abokan aiki na tambaya a ina ake sayarwa. Ki gaida Inna, ki ce wa Babba na ji daɗi ƙwarai.

Shekara biyar maganar mai takalmi ce, ba tawa ba. Ni ƙafata kawai nake so ta bushe. Amma na karanta abin da kika rubuta game da Baba, Allah ya jiƙansa, na daɗe zaune riƙe da takardar. Shekara goma sha ɗaya muna tare ban san kin je ɗakin nan ba. Ban saya ba, kuma ba zan saya ba. Facin ya riƙe kwana tara ya saki, sai na sayi wani mai arahar kamar kullum.

Kin ce in ba ki rana. Ba ni da ranar da zan ba ki wadda na tabbata ba zan saɓa ba, kuma na gaji da saɓa miki. A can babu aikin da ke jirana, kin fi kowa sani. Ki ƙara mini haƙuri.

Tsagar ta ɗan buɗe, tana ruwa kaɗan, ledar kuma tana sa ƙafar gumi. Amma abin mamaki ta daina ciwo gaba ɗaya. Shekaranjiya ƙaramar ƙusa ta shiga takalmin, na wuni da ita ban sani ba sai da na cire. Ina jin alamar warkewa ce. Ƙishirwa ce dai ta dame ni kwanan nan, ina ta shan ruwa kamar ba a ɗakin sanyi nake aiki ba.

Ki yafe mini in takardata ta farko ta ɓata miki rai.

Mijinki.

*

Baban yara,

Wa'alaikumus salam. Mun ji daɗin takardarka. Tunda ƙafa ta daina ciwo ai Alhamdulillahi, ta kama hanyar warkewa ke nan. Ka ga? Da ka je ka ɗauko takalmin da zai riƙe ka a banza. Ƙishirwa kuma gishirin kifin nan ne da kuke shaƙa, ka yi ta shan ruwa.

Na san na yi zafi a takardar da ta wuce. Ba zan janye maganar ba, amma zafin na janye. Da na karanta cewa ba ka saya ba, sai na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Ranar har Inna ta tambaye ni me ya faru nake waƙa a kan keke.

Bari in ba ka dariya. Takalmin makarantar Babba ya matse ta, muka je kasuwa ranar Asabar. Mai shagon ya fito da wani mai ƙyalli, yana rantsuwa fata ce zalla. Na lanƙwasa shi biyu, sai ga farin layi ya fito a gefe. Na shinshina, warin roba. Na sa farce a bakin ƙasan, gam ne kawai, ko zare ɗaya babu. Na ce masa, "Malam, wannan ko ruwan alwala ya taɓa shi sai ya yi sallama." Ya ce, "Baiwar Allah, saya kika zo yi ko bincike?" Babba ta rufe fuska don kunya, ta ce ba za ta sake bin ni kasuwa ba. Sai a shago na shida muka samu na kirki, baƙi, mummuna, ɗinkakke. Tana ta kumbure-kumbure, amma na san har Ƙarama sai ta gaje shi.

Na kuma sayi bokitin ƙarfe, na roban ya fashe a bakin famfo. Na ɗinka maka riga da wani yadi mai ƙarfi da na daɗe ina ajiya, ɗinki biyu na yi wa kafaɗa saboda na san yadda kake ɗaga hannu. Ba zan aiko ba. Tana rataye a bayan ƙofa, in kana so ka zo ka sa.

Maganar rana na bar ta, amma ban manta ba.

Matarka.

*

Baban yara,

Salamu alaikum. Muna lafiya, in har wannan ita ce lafiya.

Direba ya je ya dawo sau uku hannu wofi. Na farko na ce aiki ne ya yi maka yawa. Na biyu na ce fushi kake yi. Jiya na tsare shi a bakin motarsa na ce ya faɗa mini gaskiya. Ya ce ya ƙwanƙwasa ɗakinka ya tarar da kwaɗo a ƙofa, takarduna ta ƙarƙashin ƙofar yake turawa. Wata mata a gidan ta ce masa ka kwana biyu ba ka nan, ba ta san inda ka koma ba. Ma'aikatarku kuma ba a barin baƙo ya wuce ƙofa, shi kuma ga lodi yana jiransa.

Ka koma ina? Ka samu ɗaki mai kyau ne? Ka faɗa mini, zan iya ɗauka. Na riga na san yadda abin yake tafiya, na gani a gidanmu. Da farko takarda tana zuwa duk mako biyu, sannan duk wata, sannan sai in wani ya mutu.

Inna kullum da safe sai ta tambaya ko direba ya zo. Na fara yi mata ƙarya, ina cewa ka aiko da gaisuwa. Ƙarama ta zana ka a littafinta, ta zo tana tambayata ko kana da gemu, ta manta. Jiya na ɗinka wa wata mata hannun riga a baibai har sau biyu, ta kwashe kayanta ta tafi. Ina zaune a kan keke ƙafata na taka shi, amma wallahi ban san abin da nake ɗinkawa ba.

Na yi duk abin da na sani don kada in zama Umma, ga shi ina zaune inda ta zauna, ina kallon ƙofa irin kallon da take yi. In don takalmi ne, ka ce don takalmi ne. Shirun nan ya fi ƙarfina.

Matarka.

*

Baban yara,

Salamu alaikum. Mako tara ke nan. Ba zan tambayi lafiyarka ba, tunda ba amsa zan samu ba. Inna ta daina tambayar direba, kuma wannan ya fi tambayar ciwo.

Na sake fito da takardunka na karanta, wannan karon a hankali, ba ina neman laifi ba. Sai na ga sau nawa ka ambaci ruwa. Ruwa har idon sawu, jiƙaƙƙiyar safa, daga safe zuwa la'asar. Duk yana nan a rubuce, ni kuwa na tsallake na je na kama maganar mai takalmi. Shekara huɗu kana tsaye a cikin ruwan ƙanƙara don mu ci mu sha, ka roƙe ni abu ɗaya, na aiko maka da leda. Da na gane haka kunya ta hana ni cin abinci.

Yau da safe na ɗauki tsohon silifas ɗinka na tafi layin masu kayan ma'aikata. Ban taɓa shiga wurin ba, duk maza ne, suna ta kallona. Na duba takalmi ya fi ashirin. Na lanƙwasa, na murɗa, na zura hannu har ƙarshe ina laluben inda ɗinki zai iya cin yatsa. Wanda na zaɓa ƙasansa ya kai kaurin yatsuna biyu, yana da zane mai zurfi don kada santsi ya kwashe ka. Bakinsa akwai ƙarfe a ciki ko katan ya faɗo maka. Na sa mai shagon ya kawo bokiti da ruwa na danna takalmin a ciki, na tsaya ina kallonsa har ya gaji ya ba ni kujera. Da na fito da shi na zura hannu, a bushe ƙarau. Na ɗauki wanda ya fi silifas ɗinka da lamba ɗaya saboda safa mai kauri. Ya ce zai yi shekara biyar. Na ce masa ƙarya yake, zai yi bakwai.

Na roƙi direba ya bar lodinsa ko na awa ɗaya ne ya tsaya a ƙofar ma'aikatarku har ya ga wanda ya san ka, ya damƙa masa.

Na sake ka daga alkawarin tasha. Ka sayi katifa mai kauri. Ka sayi tukunyar kirki, ka ƙwanƙwasa, in ta yi ƙara mai tsawo ita ce, in ta yi "kwaf" ka ajiye. Ka sayi gadon ma in kana so. Ka zauna biyar ɗin, ka zauna goma, na haƙura. Na gwammace in san kana can ƙafarka a bushe da in zauna ban san ko kana duniya ba. Layi ɗaya kawai nake roƙo, ko da sunanka ne kaɗai a takardar.

Matarka.

*

Maman yara,

Wa'alaikumus salam. Ina raye. Ki fara faɗa wa Inna wannan kafin ki karanta sauran, sannan ki samu wuri ki zauna.

Daga asibiti nake rubuto miki. Direba ya samu abokin aikina a ƙofar ma'aikata, shi ya kawo shi nan jiya da kwalin takalmi da takardarki. Sauran takardun suna can ƙarƙashin ƙofa, ban gan su ba tukuna. Ban canza ɗaki ba. Kwana biyar bayan takardata ta ƙarshe na faɗi a wurin aiki da zazzaɓi. Da suka cire takalmin, yatsan ya yi baƙi, ƙafar ta kumbura har ƙwauri. Ashe rashin ciwon nan da na yi murna da shi ba warkewa ba ne. Likita ya ce ina da ciwon sukari, ya daɗe a jikina ban sani ba, shi ya kashe mini jin ƙafar, shi ne kuma ƙishirwar.

Sun fara cire yatsan. Bayan kwana goma suka cire biyu na kusa da shi. Abin bai tsaya ba. Mako uku da suka wuce suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Da farko ba na cikin hayyacina. Da na dawo kuma na karɓi takarda da biro a hannun nas ya fi sau biyar, in rubuta "Maman yara" in tsaya. Na san abin da za ki ɗora wa kanki, shi ya sa na yi shiru. Na san shirun ma zalunci ne, ki yafe mini.

Na tambayi likita ko da takalmin kirki da abin bai kai haka ba. Ya ce mai irin ciwona ko tsakuwa ce ta shiga takalminsa tana iya jawo wannan. Na ce ba abin da na tambaya ke nan ba. Ya dafa kafaɗata ya wuce gado na gaba. Ina faɗa miki yadda aka yi ne don ban saba ɓoye miki ba. Amma ki ji ni da kyau: ƙafata ce, ni nake cikin ruwan, mai takalmin yana bakin ƙofa kullum ina wuce shi. Ba ki ɗaure mini hannu ba. Ni ma ina tsoron sayensa, domin na san in ƙafata ta bushe zan iya ƙara shekara ban ji ba.

Aiki ya ƙare, ba sai an faɗa ba. Ba a ɗaukar katan da sanda. Ban san abin da za mu ci ba, ban san me zan zama a gidan nan ba in ban da wani nauyin a kan kekenki. Ina kwance ina ta lissafin matakalar ƙofar gidanmu, uku ce ko huɗu, na kasa tunawa.

Kin daɗe kina neman rana. Ga ta: Laraba ta sama, a motar direba, ya ce zai ba ni kujerar gaba. Ki zo tasha da wani mai ƙarfi da zai taimaka a sauko da ni. Kada ki zo da yara, ki fara yi musu bayani a gida.

Na buɗe kwalin da safen nan. Mutanen ɗakin duk sun karɓa sun duba, kowa na cewa bai taɓa ganin irinsa ba. Nas ta taimaka mini na gwada na hagun. Ya zauna daram, bai matse ni ko'ina ba, har da wurin safa. Kin iya zaɓe, Maman yara. Na daman na mayar cikin kwali da takardarsa, ban san wanda zan ba ba.

Mijinki.